Tambaya kan ikon manajan reshe wajen odar kaya

Assalamu alaikum, masana harkar kasuwanci. Shagon kayan masarufi ne mai rassa uku, kowane manaja yana yin oda da kansa bisa matsakaicin cinikin makonni 4 a manhajar lissafi ta Excel. Ranar da sukari ya ƙare, ciniki sifili ake rubutawa, sai matsakaicin ya faɗi, odar gaba ta ragu, kaya su sake yankewa. Ga azumi, lissafin bai san da zuwansa ba. Manajan da ya ƙara oda bisa abin da idonsa ya gani kuwa, tuhumarsa ake yi da saɓa wa alƙaluma.

Don Allah, yaya ake cire ranakun yankewar kaya daga lissafin? Kashi nawa ya dace manaja ya ƙara ba tare da neman izini ba?