Allurar tazara tana ƙafar da nonon mai shayarwa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta yi arba'in shekaranjiya, tana so ta je a yi mata allurar wata uku. Surukarta ta ce sam, wai allurar nan ƙafar da nono take yi, yaro ya bi ya rame. Ita kuwa kwanika take gudu, don na farinta ko yaye shi ba a yi ba ta samu cikin wannan. Me kuka sani a kai?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Surukar nan ba ta yi ƙarya ba. Akwai yarinyar da na sani a layinmu, daga fara tazara nono ya janye, wata uku kacal suka koma sayen madarar gwangwani. Mu a zamaninmu shayarwar ita ce tazara. Shekara biyu cur kina ba da nono, ba allura ba ƙwaya.

Sista Ungozoma: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Yarinyar nan allura aka yi mata ko ƙwaya ta sha?

Hajiya Babba: Oho, tazara dai ta ce. Ina jin a kemis ta saya.

Sista Ungozoma: To a nan gizo ke saƙar. Magungunan tazara masu sinadari kashi biyu ne. Akwai masu estrojin a haɗe da projestin, irin ƙwayar da aka fi sayarwa a kemis da kuma allurar wata-wata. Waɗannan kam suna iya rage nono, shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta hana mai shayarwa su kafin sati 6, kuma ba ta so a ba ta su kafin jariri ya cika wata 6. Sai masu projestin zalla: Depo-Provera ta wata uku, Sayana Press da ake yi a ƙarƙashin fata, ita ma wata uku, da Noristerat ta wata biyu. Waɗannan daga sati 6 bayan haihuwa jagorar ba ta sa wa mai shayarwa wani shinge ba. Binciken da aka yi bai nuna suna rage nono ko tauye girman yaro ba. Sati 6 kwana 42 ke nan, kun ga kusan daidai da arba'in ɗinmu.

Ummu Sadik: Sista, ni ganau ce. Ita aka yi mini bayan haihuwar Sadik, nono kam har jiƙa riga yake. Amma ku riƙa faɗa wa mutane ɗaya gefen mana. Jini ya riƙa yi mini wasa, yau ɗigo gobe babu, na rasa ranar salla na rasa ranar hutu. Ga azumi ya zo. Babu wanda ya ce mini uffan kafin a tsira min allurar, an dai rubuta ranar dawowa a kati an miƙo min.

Sista Ungozoma: Gaskiyarki, kuma laifinmu ne ma'aikata idan layi ya yi tsawo muka yi ta sauri. Rikicewar al'ada ita ce babbar matsalarta. Watannin farko ɗige-ɗige, daga baya mata da yawa al'adar ɗaukewa take yi gaba ɗaya. Ba taruwa jinin yake yi a ciki ba, bangon mahaifar ne ba ya kauri balle ya zubo. Wasu kuma suna ƙara ƙiba.

Hajiya Babba: To ni dai tambayata, abin da aka zuba wa uwa ba ya bin nono ya shiga cikin yaro? Yaron da ko kanwa aka sha sai ka gani a kashinsa?

Sista Ungozoma: Yana bi, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a ga ya cutar da yara ba. Dalilin jiran sati 6 ma ke nan, kaffa-kaffa da jariri sabon haihuwa. Batun cewa shayarwa tazara ce, haka ne Hajiya, amma sai sharaɗi uku sun cika lokaci guda: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In sun cika, kariyar ta kai kashi 98 cikin 100. To wa ke nono zalla a gidajenmu? Tun ranar suna an fara ɗura masa ruwa, wata uku an kawo koko.

Maman 'Yan Biyu: Kuma Hajiya ki tuna, ku gida kuke tafiya wanka ku daɗe, miji ba ya ganin ko ƙeyarku. Yanzu ana gama arba'in an dawo da ita ɗakinta.

Hajiya Babba: Ke dai ba ki da kunya. Amma ba ki yi ƙarya ba.

Malama: Ta fuskar addini, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa. Malamai da dama sun halatta tazara ta ɗan lokaci bisa ƙiyasi da azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje, in miji da mata sun yarda. Ummu Sadik, jinin da ya wuce kwanakin al'ada yana da hukuncinsa na istihala, amma lissafinsa yana bambanta daga mace zuwa mace, sai ki same ni mu zauna.

Anti Amarya: Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. Yayata ta daina allurar, sai da ta fi shekara kafin ta samu ciki. Dangin miji har sun fara ƙus-ƙus.

Sista Ungozoma: Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata ƙanwar Maman Hanif ta sani tun yanzu. Ta wata uku tana jinkirta dawowar haihuwa, a matsakaici kamar wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu su fi haka. Ba ta kashe mahaifa. Wadda take so da ta daina ta samu ciki, ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu ko robar da ake sakawa a mahaifa sun fi dacewa da ita, kuma duk mai shayarwa tana iya amfani da su. Kafin allura kuma a auna mata hawan jini, don mai hawan jini sosai ba a yi mata.

Hajiya Babba: Na ji. Amma in nonon ya ragu fa?

Sista Ungozoma: Ta kawo yaron a ɗora shi a sikeli, a duba yadda yake kama nono da sau nawa take ba shi. Sau da yawa ruwa da koko ne suka cika masa ciki ya rage tsotso, nono kuwa tsotso ke kawo shi.

Maman Hanif: Na gode. To yanzu wa zai tunkari surukar? Mijin ya ce shi ba ruwansa, abin da Hajiyarsa ta ce shi ke nan.

Hajiya Babba: Ki bar ni da ita. Amma Sista, ki rubuto min sunayen nan uku da manyan baƙi, kada in je in kwafsa a gabanta.