Saura wata uku biki, gashin haɓa ya hana ni sakat. Leza za ta karɓi fatata?

Amaryar Tumfure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wadda ta taɓa yi ko ta gani da idonta ta yi magana, ban da "an ce". Shekarata 26, a Gombe nake, baƙa ce ni sosai, ba wankan tarwaɗa ba. Tun ina sakandare gashi ya fara fito mini a haɓa, da ƙwaya uku ne zuwa huɗu, yanzu ya gangaro har wuya, baƙi mai kauri irin na maza. Duk bayan kwana biyu sai na zauna da hantsaki na tsige, wurin duk ya zama ƙuraje da baƙin tabo. Al'adata ma ba ta da tsari, sai in yi wata biyu ban gani ba. Ban taɓa shafa man bilicin ba. An sa ranar aurena, saura wata uku, kuma ina da dubu 150 na adashin da na ɗauka. Ƙawata ta ce in je Abuja a yi mini leza, wato cire gashi da na'urar haske. Mai irin fatata tana yi ba ta ƙone ba? Wata uku zai isa? Ko in zuba kuɗin a kayan kicin in ci gaba da ja wa mayafi wuya?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ki kwaɓa kurkum da lemon tsami da madara ki riƙa shafawa kullum da dare. Allah ya sanya alheri.

Ummu Sultan: Ki fara daina bilicin tukuna ƙanwata, shi ke fito da gashin nan.

Amaryar Tumfure: Anti na ce ban taɓa shafawa ba fa.

Hajiya Mai Dilka: Me ya kai ki Abuja muna nan? Ki zo in yi miki halawa da dilka sati biyu kafin biki, ango ba zai ga ko sili ɗaya ba. Akwai man ƙwan tururuwa ma. Ki yi mini magana ta bayan fage.

Addar Fadaman Mada: Ƙanwata, na rantse miki da Allah da na ga kalmar leza sai da gabana ya faɗi. Bari in ba ki labarina, in ya so ki yi abin da kika ga dama.

A 2022 na je wani wurin gyaran jiki a Abuja, ba zan kama suna ba. A Instagram na gan su, hotuna masu kyau, wuri sai ƙamshi da sanyin esi. Tun daga Bauchi na tashi da asuba, na sauka gidan yayata. Na biya kuɗin zama shida a dunƙule saboda sun ce akwai ragi. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake shafawa, ni kuma a lokacin, gaskiya ɗaya ce, ina amfani da man haɗi. Ba su gwada a ƙaramin wuri sun ce in dawo ba. Wata yarinya ce da ba ta kai ƙanwata ta uku ba ta ɗauko na'urar ta fara manna mini a haɓa da kumatu. Na ce mata akwai zafi, ta ce alamar yana aiki ke nan. Na ce ina jin ƙauri, ta ce gashin ne. Na yi shiru don kada a ce baƙauya ta zo daga Bauchi.

Kafin magariba fuskata ta yi bororo. Da suka fashe sai tabo ya fito reras, mai kusurwa huɗu, kamar an jera mini tayil a fuska, wani baƙi wani fari. Na koma, mai wurin ta ce laifina ne na shiga rana. Wace rana? Daga mota sai ɗaki. Ko sisi ba a mayar mini ba. Wata takwas ina niƙabi, ni da ban taɓa sakawa ba, har maƙwabta suna cewa Adda ta shiga Izala. Bikin ƙanena guda ban je ba. Maigidan bai ce komai ba, wanda da ya yi faɗa ma ya fi mini sauƙi. Abokiyar zamana kuwa kullum sai ta aiko yaro da "sannu da jiki". Da na je wurin likitan fata daga baya ya ga hoton na'urar, ya ce wannan ba leza ba ce ma, wata na'urar haske ce daban da ake kira IPL. Gashin kuma yana nan daram, yau da safe na aske shi.

Maman Ilham: Innalillahi! Allah ya isar miki Adda.

Ummu Sultan: Ki faɗi sunan wurin mana, ki ceci wasu.

Addar Fadaman Mada: Na bar su da Allah. Ba ni da kuɗin lauya.

'Yar Jekadafari: Wallahi ni "sannu da jiki" ɗin nan ce ta fi ba ni haushi a duk labarin.

Sista Nas: Adda sannu, abin da aka yi miki ganganci ne. Amma kada mu bar amarya ta tafi da tsoro kawai, ga abin da na sani. Hasken leza baƙi yake bi. Yana shiga ya sami baƙin da ke cikin gashi, ya zama zafi, zafin ya lalata saiwar. Shi ya sa tun asali farar fata mai baƙin gashi ta fi dacewa da shi, domin hasken ba ya ruɗewa. Mu kuwa fatar ma tana ɗauke da baƙin, in na'urar ba ta dace ba sai ta ƙona fatar kafin ta kai ga saiwa. Likitocin fata suna da ma'aunin launin fata da ake kira Fitzpatrick, mai mataki 1 zuwa 6, yawancinmu muna 5 ko 6. Lezar da aka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG, lambarta 1064, tana wuce saman fata ta nutsa ciki. Akwai diode, wajen 810, ana yi da ita in hannun ya ƙware. Alexandrite mai 755 da IPL kuwa, mai fatarki ta yi nesa da su. Kafin ki biya ko kwabo ki ce a nuna miki sunan na'urar a jikinta, a gwada a ɗan wuri ƙarƙashin haɓa, ki koma gida ki ga yadda fatar za ta yi.

Gashinki baƙi ne mai kauri, wannan alheri ne, irinsa leza ta fi kamawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar al'ada. Gashin haɓa da wuya tare da al'ada mai tsallake wata, sau da yawa alamar PCOS ce, matsalar sinadaran jiki da ta shafi ƙwan mace. In ita ce, leza za ta rage wanda ya fito amma jiki zai ci gaba da turo sabo. Tunda a Gombe kike, ki fara yankar kati a ɓangaren mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya, a yi miki sikanin da gwajin jini. Wannan ya fi gaggawa a kan Abuja, musamman ga mai shirin shiga ɗaki.

Wata uku kuma ba zai gama ba. Leza gashin da ke cikin tsiro kawai take kashewa, ba duka ne suke tsiro lokaci ɗaya ba, don haka ana yin zama shida zuwa takwas, tsakani sati huɗu zuwa shida. Kuma sai kin ajiye hantsaki da halawa wajen sati huɗu kafin zaman farko, saboda in kin tuge saiwar hasken ba shi da abin kamawa. Reza kawai. Ki lissafa, zama biyu za ki samu kafin biki, in an matsa uku. Ga wata kuma: ba a yi wa mai juna biyu, dakatarwa ake yi. In Allah ya kawo rabo da wuri, kin biya kuɗin zama shida kin ci biyu.

Hajiya Mai Dilka: Reza a fuskar amarya? Haba Sista. Kowa ya san reza ƙara kauri take yi. Shekarata 17 ina gyaran amare, daga Gombe har Kumo da Dukku ake kawo mini su.

Sista Nas: Hajiya reza ba ta ƙara kauri, bakin gashin ne take yankewa ya yi kaushi sai a ji kamar ya ƙaru. Tsigar ce ma take sa gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata ya kawo ƙurajen da take kuka da su.

Hajiya Mai Dilka: Ke nas ce ko likitar fata? Allura da awon ciki daban, gyaran mace daban.

'Yar Jekadafari: Ita dai Sista ba ta ce a same ta ta bayan fage ba.

Hajiya Mai Dilka: Sana'ata ce, ba sata na yi ba. Kuma ko amarya ɗaya ba ta taɓa fita gidana da tayil a fuska ba.

Addar Fadaman Mada: Hajiya da ciwon nawa za ki yi talla?

Hamma Bolari: Ku yi haƙuri na shigo zauren mata. Amarya, shekara biyar ina sayen man gemu, abin da na samu ƙwaya tara ne, na ƙirga. In akwai yadda za a yi musaya ni na shirya, har da cikon kuɗi.

Ummu Sultan: Wa ya bar ƙofa a buɗe ne?

Hamma Bolari: Wasa a gefe, abokina soja ne, aski dole ne a aikinsu, ƙurajen aski sun cinye masa wuya. An yi masa leza a wuyan kawai ya samu sauƙi sosai, kuma ya fi ni baƙi. Shi dubu 25 ya ce yake biya duk zama.

Maman 'Yan Biyu: Dubu 25 a ina? Ni haɓa kaɗai dubu 60 nake biya a Abuja, kuma na yi zama bakwai. Ni baƙa ce kamar ke amarya, ban ƙone ba, da 1064 ɗin da Sista ta faɗa aka yi mini, mai hura sanyi. Zafinsa kamar a ja roba a sake miki a fata. Gashin ya ragu sosai, wanda ya saura ya yi laushi, tabon ma ya washe tunda na daina tsiga. Amma kada kowa ya ce miki har abada ne, ni duk shekara sai na koma sau ɗaya ko biyu. Kuma ki sa kuɗin mota daga Gombe zuwa Abuja da dawowa a lissafi, sau shida, shi ma zai ci adashin, ba lezar kaɗai ba.

Zee Gwallameji: An cuce ki Maman 'Yan Biyu, ni dubu 15 aka yi mini a Jos.

Maman 'Yan Biyu: Da wace na'ura?

Zee Gwallameji: Oho, fara ce dai mai waya. Ni matsalar da na samu, gefen kumatuna gashin laushi ne da ba a ganinsa sosai, na ce a haɗa da shi. Bayan zama uku sai ya fito da ƙarfinsa ya fi na da.

Sista Nas: Yana faruwa, ba kasafai ba, kuma an fi ganinsa a fuska inda gashin siriri ne. Shi ya sa ba a taɓa gashin laushi don kawai an biya kuɗi.

Goggon Yara: Ni a Alƙahira 'yata ta kai ni, kuɗinsu ya fi na nan sauƙi nesa ba kusa ba. Baƙaƙen sun tafi, furfurar ko gezau. Likitar ta ce haske ba ya ganin farin gashi, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar lantarki. Na ce a bar mini kayana, wa zan yi wa kwalliya yanzu. Ta kuma tambaye ni ko ciwo yana yi mini tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ta ce masu irin wannan jikin sai an yi hattara. Ki duba kunnenki 'yata.

Malama Ummu Abdallah: Ba wanda ya tambayi hukunci. Cire gemu da gashin baki ga mace malamai sun halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya ma umarni ake yi mata da ta cire. Wanda hadisi ya hana shi ne tsige gira. Sai dai a kula da wanda zai yi aikin, mace ce ko namiji, kuma kada a fake da leza a je ana buɗe al'aura ba larura.

'Yar Jekadafari: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, me ya sa yarinya za ta kwashe adashinta saboda gashi ƙwaya nawa? Dangin miji ne. Ranar buɗar kai su zo su ɗaga mayafi suna leƙe kamar masu sayen akuya a kasuwar Kumo. Ni ƙanwar babansa cewa ta yi mace mai gemu mugunta gare ta, a gabana, ina amarya kwana ɗaya.

Goggon Yara: A zamaninmu cewa ake yi alamar arziki ce.

'Yar Jekadafari: To ni arzikin bai iso ba Goggo, gemun ne kawai ya zo.

Ummu Sultan: Su dangin mijin ne ma suke tura yara bilicin. A kawo baƙar amarya ka ji ana "ita ce wannan?" Sai yarinya ta ruga wurin masu haɗa mai, a zuba mata abin da ba suna ba kwali a roba, fata ta yi siriri jijiya ta fito, gashi ya tsiro a kumatu. Ƙanwar mijina haka ta yi, yanzu ko girki ba ta iya tsayawa kusa da wuta.

Addar Fadaman Mada: Ni ma wadda ta haɗa mini man cewa ta yi na itatuwa ne zalla. Likita ya ce akwai sitiroyid a ciki, maganin nan mai sa fata ta yi siriri, shi ya ƙara lalata lamarin. Har yau tana sayarwa, mabiyanta sun ninka.

Hajiya Mai Dilka: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, nawa haɗin karas ne da zuma.

Amaryar Tumfure: Na gode ƙwarai, na karanta duka. Sista zan je asibitin ranar Litinin in sha Allah. Amma har yanzu ban gane ba, in fara zama biyun kafin biki ko in bari sai bayan an tare? Kuma in gaya wa angon tun yanzu? Bai taɓa gani ba, kullum da hijabi mai rufe haɓa nake fita zance.

Hamma Bolari: Ki gaya masa. In ya yi gardama ki ce kin fi shi gemu.

Zee Gwallameji: Hajiya Mai Dilka haɗin karas ɗin nawa ne ƙaramar roba? Kina aikowa Bauchi?