Tsofaffin zanen injina na 1870 zuwa 1901: wanne za a iya ƙerawa a Panteka?

ƊanTudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai tarin zanen injina a shafukan takardun ƙirƙira na intanet, Google Patents da Espacenet, na ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya, daga wajen 1870 zuwa 1901: garma, teburin wanke ma'adini, injin cire maiƙon madara, injin kananzir. Kowane sashe da lambarsa a jikin zanen. Tambayata biyu ce. Idan maƙeri a Panteka ya kwaikwayi ɗaya ya sayar, akwai mai kai shi kotu? Sannan da kayan aikin da muke da su a nan Kaduna, wato walda, injin huda ƙarfe, faranti da katako, wanne ne zai yiwu, wanne ne asarar kuɗi? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Barista_Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Babu mai kai shi kotu. Takardar haƙƙin ƙirƙira tana da wa'adi. A wancan lokacin shekara 14 ce a Birtaniya, 15 a Jamus, 17 a Amurka. Ko wadda aka bayar a 1901, shekarar da sarauniyar ta rasu, ta mutu kafin 1920. Dama cinikin haka yake: hukuma ta kare ka na wasu shekaru, kai kuma ka bayyana yadda abin yake aiki, in wa'adi ya cika ya zama na kowa.

Abu biyu ne za su iya jawo masa rigima. Na farko suna. Zanen ya mutu amma sunan kamfani bai mutu ba, don haka kada ya buga Alfa Laval ko Lister a jikin abin da ya ƙera. Na biyu, kada ya ɗauki tsohon zane ya kai rajista Abuja a matsayin nasa. Dokarmu ta 1970 tana ba da shekara 20, amma sharaɗinta abin ya zama sabo. Ofishin rajista ba ya binciken sabuntar, takardu kawai yake dubawa, saboda haka mutum zai iya karɓar satifiket ya rataye a shago, daga baya Babbar Kotun Tarayya ta soke shi. Irin wannan ta faru da Dunlop: ya yi rajistar taya mai iska a 1888, sai aka gano Robert Thomson ya riga shi tun 1845, takardarsa ta faɗi. In maƙerin ya ƙara wani abu nasa na gaske, wannan ƙarin kaɗai zai iya yi wa rajista.

A kuma yi hattara da yawan zanen. Kafin dokar Birtaniya ta 1883, kuɗin farko na rajista fam 25 ne, dokar ta mayar da shi fam 4. Masu nema suka tashi daga kusan 6,000 a 1883 zuwa sama da 17,000 a 1884, kuma ofishin bai fara binciken sabunta ba sai 1905. Da yawa daga cikin zanen nan ba a taɓa ƙera su ba ko sau ɗaya. A nemi wanda aka san ya yi aiki a kasuwa. Wajen nema kuma, kafin 1916 lambar Birtaniya tana komawa ɗaya duk sabuwar shekara, sai an haɗa lamba da shekara, kamar 7146 na 1890, wato injin kananzir na Akroyd Stuart.

Injiniya_Kakuri:
Barista ya gama da shari'a. A ɓangaren ƙira, wanda ya fi cancanta a kashe masa ƙarfe shi ne teburin wanke ma'adini na Wilfley. Arthur Wilfley ya haɗa shi a Kolorado, ya samu takarda a 1897, har yau da shi ake wanke kuza da zinari. Masu haƙa a Birnin Gwari da masu kuza ta wajen Jos duk suna buƙatarsa, kuma ba ya cin zaiba ko ɗigo.

Aikinsa nauyi ne kawai. Zinari ya ninka ruwa nauyi sau 19, kuza kusan sau 7, farin yashi sau 2.65. Teburin shimfiɗa ce mai ɗan gangare ta gefe, an jera mata siraran katako a tsawonta. Ana zuba kunun niƙaƙƙen dutse a kusurwar sama, ruwa yana gangarowa ta faɗi, teburin yana girgiza ta tsawo. Mai nauyi yana nutsewa bayan katakon ya yi ta rarrafe zuwa ƙarshen tebur, yashi ya haye su ya zube ta gefe.

Inda masu kwaikwayo suke faɗuwa shi ne girgizar. Sukan sa shaf mai ƙusumbi kai tsaye, tebur ya je ya dawo da gudu iri ɗaya, ma'adini ya yi ta rawa a wuri guda. Dole tafiya gaba ta zama a hankali, dawowa kuma da fizga, ta yadda tebur zai zame daga ƙarƙashin ƙwayar ya bar ta a gaba. Wilfley ya samu haka da faranti biyu masu lanƙwasa kamar gwiwa da sifirin mai dawo da tebur. Hanya mai sauƙi ga ƙaramin tebur ita ce sifirin ya tura shi ya daki wani toshe na roba, dukan ne ke ba da fizgar.

Ma'auni: girgiza 240 zuwa 300 a minti, tsawon kowace milimita 10 zuwa 25. Niƙa mai tsakuwa tana son doguwar girgiza a hankali, mai laushi tana son gajera da sauri. In motarka tana juyi 1,450 a minti, sa fuli inci 3 a mota da inci 15 a shaf, za ka samu kusan 290. Babban tebur yana kai ƙafa 15 zuwa 16 a tsawo, amma a fara da na ƙafa 6 a koyi halinsa. Kunun ya zama kashi ɗaya dutse kashi uku ruwa bisa nauyi, kuma a tace shi da rariya kada ƙwaya ta wuce milimita 2. Ga zinari ƙasa da milimita ɗaya ya fi.

Siraran katakon nan ba tsayi ɗaya suke ba. Suna farawa da kusan rabin inci a wajen zubawa, su yi ta raguwa har su ɓace, kuma ƙarshensu yana bin layin karkace, na ƙasa ya fi na sama tsawo. Zanen takardar yana nuna siffar amma ba ya ba da awo, don masu rubuta takardar iyakar haƙƙinsu suke shatawa, ba koyar da ƙira suke yi ba. Saman teburin na asali an lulluɓe shi da abu irin ledar ɗaki mai kauri. Yanzu roba ko faiba sun fi, katako tsirara kuwa kumbura zai yi ya kantare.

Abubuwan da ke ɓata aiki: ƙafafu marasa gindin siminti, sai girgizar ta tafi ƙasa. Yumɓu a cikin kunu, yana kaurara ruwa ya tafi da zinari mai laushi, a wanke shi tukuna. Ɗigon giris ko baƙin mai daga boris, ƙwayar zinari sai ta yi iyo a kansa ta wuce. Ruwa mai zuwa yana yankewa, a ɗora tanki a sama ya riƙa saukowa daidai. In an daidaita, za a ga layuka a kan tebur kamar saƙar tabarma: rawaya siriri a can sama, baƙin yashi a ƙarƙashinsa, fari a ƙasa.

Gargaɗi ɗaya. Dutsen dalma nauyinsa kusan 7.5 ne, yana taruwa tare da zinari. Abin da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ƙurar niƙa dutse mai dalma ce a cikin gidaje. A niƙa da ruwa, a nesa da gari, kuma injin da ya niƙa dutse kada ya sake ganin masara.

HajiyarKachia:
Sannu da ƙoƙari Injiniya. Ni zan yi magana kan injin madara, kuma shawarata kada a ƙera shi. Gustaf de Laval ɗan Suwidin ya yi masa rajista a 1878, amma bai yi kyau sosai ba sai da kamfaninsa ya sayi haƙƙin faifan Alfa na wani Bajamushe, von Bechtolsheim, a 1889. Faifan nan kamar mazurari suke, an jera su ɗaya kan ɗaya da tazara ƙasa da milimita ɗaya. Maiƙo ya fi sauran madara sauƙi kaɗan, 0.93 ne a kan kusan 1.035, to tukunyar sai ta yi juyi dubu shida zuwa sama a minti kafin ɗan bambancin nan ya raba su nan take. A irin wannan gudun, ɗigon walda guda a gefe ɗaya ya isa ya cinye boris, in rabo ya ƙare tukunya ta tsage a gaban mai juyawa. Ga tsatsa, ga ramukan walda da madara za ta maƙale ta ruɓe.

A sayi na hannu da aka riga aka daidaita, Panteka su yi masa teburi mai ƙarfi da bokitan silba. Masu tara madara ta wajen Ladduga su lura da waɗannan. Madarar ta zama sabuwar tatsa, an tace ta da kyalle, da ɗumi kamar na jiki, digiri 35 zuwa 40. Mai sanyi tana barin maiƙo a baya, wadda ta fara tsami kuwa toshe faifai take yi, kindirmo ba ya shiga. A kai hannun ga cikakken gudunsa, yawanci juyi 60 a minti, kafin a buɗe famfo. Akwai ɗan noti a bakin fitar maiƙo, in aka ɗaure shi ciki maiƙon ya yi kauri. Madara lita 10 mai kashi 4 cikin ɗari tana ba da kusan lita ɗaya na maiƙo mai kashi 40. Faifan suna da jeri, in aka rikita su wajen wanki injin sai ya kama kaɗawa.

Bakanike_Rigasa:
Na yarda da Hajiya. Injin Akroyd Stuart da Barista ya ambata shi ma a bar shi a takarda. Kamfanin Hornsby na Grantham ya ƙera shi a farkon shekarun 1890. Sai an gasa kansa da fitilar hura wuta na mintuna kafin ya tashi, jikinsa zubin ƙarfe ne mai nauyin gaske, ga shan mai. Ƙaramin dizal na injin niƙa ya fi shi ta ko'ina.

Abin ɗauka shi ne dabarar garma mai tsallake kututture ta Richard Bowyer Smith, Kudancin Ostareliya, 1876. Kowane haƙori yana kan hannu mai maɗauri, nauyi yana danne shi, in ya ci karo da kututture ya ɗaga ya haye ya koma ƙasa. Ga garmar shanu ba ta da amfani, mai riƙo yana ɗagawa da hannunsa. Amma ga tarakta a sabon sharen gona ta wajen Kajuru ko Kachia, inda saiwa da marmara ke karya haƙora, tana biyan kuɗinta. Maimakon nauyi a sa tsohon sifirin mota mai ganye. Kuskuren da ake yi shi ne wurin fil ɗin maɗaurin. Ya zauna daidai saman tsinin haƙori ko gaba da shi kaɗan. In ya koma baya, haƙorin zai fara nutsawa ƙasa kafin ya ɗaga, ya sarƙe kututturen maimakon ya haye. Ramin fil a sa masa bushin da giris, in ba haka ba damina ɗaya ramin ya zama ƙwai.

ƊanTudunWada:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Injiniya, zinarin da ya fi ƙarfin tebur saboda laushi fa? Na ga takardar MacArthur da Forrest ta sayanayid, ita ma ai ta zama ta kowa.

Injiniya_Kakuri:
Ta zama, Malam. John MacArthur da 'yan uwa biyu likitoci, Robert da William Forrest, dukansu a Gilasgo, sun yi mata rajista a 1887, ita ce ta ceci ma'adinan Johannasbag lokacin da zaiba ta kasa kama zinarin dutsen ƙasa, kuma kotun Transvaal, a Afirka ta Kudu, ta soke takardar a can a 1896. Ruwan sayanayid mai rauni yana narkar da zinari in akwai iska, sai a bi da shi ta kan aske-asken tutiya zinarin ya sauka. Amma wannan ba aikin shago ba ne. Ruwan dole ya tsaya sama da 10 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da ya sauka yake sakin iska mai kisa cikin mintuna, kuma rarar dutsen da aka taɓa sa wa zaiba in ta haɗu da sayanayid tana narkar da zaibar ta shiga rafi. Yana buƙatar lasisi, tafki mai shimfiɗar roba da mai awo na dindindin.

Da tebur kaɗai ma akwai sauran abin yi. Layin tsakiya, inda baƙin yashi ya gauraya da fari, a tara shi daban a sake niƙawa a mayar. Rarar kuma a raba ta biyu da rariya, mai laushin a bi da ita a karo na biyu da girgiza milimita 10, gudu kusan 300, gangare kaɗan, ruwa kaɗan, a rage zubi zuwa rabi. Baƙin yashin da ya rage a busar, a ja maganaɗisu a cikin leda ta kansa kafin a kai ga kasko.