Neman shawara: enzayim ɗina ya ƙi nuna aiki a ƙasa da pH 5

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a nan Kano, ina nazarin enzayim (sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin halitta) mai narkar da furotin wanda fumfuna ke fitarwa. Na ɗebo ƙasa daga bakin magudanar wata majema a Challawa, na shuka a faranti mai aga (abu mai kama da jeli da ake renon ƙananan halittu a kai) da madara maras kitse, bayan kwana uku baƙar fumfuna ta tsiro, kewayenta ya washe tas, alamar tana narkar da furotin ɗin madarar, kuma siffarta ta yi kama da Aspergillus niger. Na rene ta a dusar alkama mai danshi, na tace ruwan. Damuwata ita ce, duk lokacin da na gwada da kasin (furotin ɗin madara) daga pH 3 zuwa 10 (pH shi ne ma'aunin tsami, ƙasa da 7 ne ɓangaren tsami), da na sauko ƙasa da 5 sai ruwan ya yi gudaji kamar nonon da ya tsinke, awon kuma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Shin in rubuta cewa ba ya aiki cikin tsami?

Wani malamin kimiyyar sinadaran jiki: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki rubuta haka, domin laifin na kasin ne, wanda ke daskarewa a wajen pH 4.6, enzayim kuwa ba ya cin abin da ya dunƙule yadda ya kamata. Ita wannan fumfunar an san ta da enzayim masu ƙarfi tsakanin pH 2 da 4, wato daidai inda awonki ya makance. Ki koma ga himogilobin (furotin ɗin jini) a ɓangaren tsami, bisa hanyar Anson ta 1938, kuma kowane pH ki yi masa kwalbar kwatance wadda kika zuba wa TCA (asid ɗin da ke tsayar da aikin enzayim) kafin enzayim, in ba haka ba za ki ƙirga har da tairosin ɗin da ya zo daga dusar, alhali tairosin shi ne ɓurɓushin furotin da ake aunawa don sanin aikin enzayim.

Wata mai digiri na uku: Ƙanwata, ki ƙara da gwajin sinadarai masu hana enzayim aiki, shi ne zai nuna miki danginsa. Idan pepstatin ya kashe shi, na aspartik ne. PMSF na kama na serin, EDTA kuma na kama mai dogaro da ƙarfe. Ki raba ruwan a ƙananan kwalabe cikin ƙanƙara, saboda da zafin Kano da ɗaukewar wuta, enzayim na iya cin kansa.

Wani ma'aikacin majema a Sharaɗa: Malama, mu da farar ƙasa da salfaid muke cire gashin fata, ruwan yana kaiwa wajen pH 12, warinsa kuma maƙwabta sun sani. Idan kin samu enzayim mai jure wannan yanayin, muna so ƙwarai.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na tsallake kwalbar kwatancen a baya, don haka ranar Litinin zan sake awon daga pH 2 da himogilobin, in kuma kai ɓangaren sama har 12 saboda maganar majema.