'Yan canji ko 'yan ɗauki? Sunan mutum takwas da ke bencin zari-ruga

Jama'a, ku taya ni raba wata gardama da ta tashi a majalisarmu ta shayi nan Birnin Kebbi. Ƙanena ne ya kunna mana wasan ƙarshe na Kofin Duniya na ƙwallon zari-ruga na 2023 a wayarsa, wanda Afirka ta Kudu ta ci Niyu Zilan 12 da 11 a Faransa. Muna cikin kallo sai ga wasu ƙarti sun miƙe daga benci suna murza kafaɗu. Dattijon da ke gefena ya ajiye kofinsa ya ce, "Waɗanga fa, su wa ne?" Na ce, "Baba, 'yan canji ne." Har na koma gida kalmar ba ta kwanta mini ba.

Kowace ƙungiya tana shiga da mutum 15, takwas suna jira a benci. Uku daga cikinsu dole su iya tsayawa a sahun farko na turereniya, inda ƙartin ƙungiyoyin biyu ke haɗa kafaɗu suna tura juna don samun ƙwallo, don wurin yana da haɗari ga wuya. Sauran biyar, koci ya raba yadda ya ga dama. A cikin takwas ɗin, an saba ajiye ƙarti masu turereniya biyar da masu gudu uku. Afirka ta Kudu ta mai da shi shida da biyu a Japan a 2019, sannan bakwai da ɗaya a wasan da muka kalla. Ƙarti takwas ne ke fara wasa, kenan kafin minti 80 su cika kusan dukkansu an sako sababbi. Gardamar da ake yi a duniya ke nan: wasu na cewa a rage yawan masu shigowa daga benci, don haɗa mai sabon ƙarfi da wanda ya galabaita neman rauni ne. Wasu na cewa dokar ɗaya ce ga kowa, wanda ya ajiye mai gudu ɗaya tak ya san kasadar da ya ɗauka.

To ina "canji" ta ɗauki wannan ma'anar? Ta dace da 1968, lokacin da aka fara yarda a maye gurbin wanda ya ji rauni. Amma tun 1996 koci na iya sauya mutum lafiyarsa lau, saboda dabara.

Ni 'yan ɗauki na zaɓa. Duk wanda ya taɓa yankan shinkafa a fadamar Argungu ya san lokacin da la'asar ta yi, baya ya ƙage, lauje ya yi nauyi a hannu, sai ga samari daga wata unguwa da laujensu. Ba a cewa sun zo canji. Ɗauki suka kawo.

Ƙanena ya ce 'yan ko-ta-kwana. Ban yarda ba, don mai ko-ta-kwana yana iya kwana ba a neme shi ba, su kuwa waɗannan sun san za su shiga. Baba ya kawo hujja mai nauyi: ɗauki wanda aka fi ƙarfi ake kai wa, to in ƙungiyar ce ke kan gaba fa? Na ce gajiya ma ai ta fi ƙarfinsu a lokacin.

Wanda ya shiga saboda rauni, kamar Deon Fourie na Afirka ta Kudu da ya karɓi Bongi Mbonambi tun mintunan farko na wasan nan, shi ne madadi. Benci kuma a bar shi benci, ya riga ya zama ɗan gida.

Mutanen Gusau da Argungu, musamman masu bin kokawa da dambe, in akwai sunan da kuke kiran wanda aka ajiye sai fage ya yi zafi, ku kawo shi mu auna da ɗauki.