Wane aiki ke jiran mai kula da ofishin cibiyar binciken cutar daji?

Ɗaliba daga Yamai: Assalamu alaikum. Na karanci harkar gudanarwa, kuma an ba ni shawarar neman aiki a cibiyar binciken cutar daji ta jami'a. Iyayena da yayyena, wane nauyi ne ke kan wanda ba likita ba a irin wannan wuri?

Tsohon akanta: Wa'alaikumussalam, 'yata. Babban aikin shi ne kuɗin tallafi, domin masu bayarwa suna son a nuna musu inda kowane sefa ya tafi, kuma idan rahoto ya makara, binciken ne zai tsaya, marasa lafiya su cutu.

Ma'aikaciyar lafiya daga Tawa: Ƙanwata, ni abin da ya fi damuna shi ne bayanan marasa lafiya. Tun 1992 ake da rajistar masu cutar daji a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, kuma irin wannan rajista ba ta da amfani sai an cika ta da kyau, an kuma rufa asirin mutane. Ki koyi Faransanci da Turanci sosai, saboda hukumar binciken cutar daji ta duniya tana birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma wasiƙu da ita za su ratsa ta hannunki.

Ɗaliba daga Yamai: Na gode ƙwarai, Baba da Yaya, Allah Ya saka da alheri.