Ina zan sauki mahaifiyata a Zanzibar, ga ciwon gwiwa?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya da dattijo.

Na yi wa Hajiyarmu alkawarin hutun kwana 4 a watan Yuli, bayan ruwan saman Maris zuwa Mayu ya ɗauke. Tun rasuwar Baba ba ta je ko'ina ba. Masauki ne ya tsaya min a rai.

Ita tsohon gari take so, wato Stone Town, don ta riƙa jin kiran salla, ta ga kasuwar Darajani. To amma lungunan can mota ba ta shiga da yawansu, otal-otal ɗin kuma tsofaffin benaye ne masu doguwar matattakala, ita kuwa ko sallar farilla a kan kujera take yi. Nungwi, can arewacin tsibirin, tana da bakin teku mai kyau, sai dai tafiyar sama da awa ɗaya ce daga gari, kuma irin tufafin da masu yawon buɗe ido ke sawa a wajen za su dame ta, na san halinta.

Shin mu raba kwanakin biyu-biyu, ko kwashe kaya zai ƙara gajiyar da ita? Wace unguwa ce mota ke kaiwa har ƙofa, kusa da masallaci?